Ajiyar Tattabarun Marwan

"…da gajiya kuma, amarya?"

"Gajiya ai kai ka kawo ta. Tun hantsi na aike ka sayen man zafi, sai yanzu da la'asar sakaliya? Ko a Makka ake sayar da shi?"

"A Madina ne. Na tsaya ziyara."

Marwan ke nan da kakarsa ta wajen uba, Kaka Ladi, a tsakar gidanta a Matameye. Kun dai san jika da kaka, gaisuwarsu ba ta tafiya sai da tsiya a ciki. Ita ta ce masa mai gida, shi ya ce mata amarya, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a kai shi ƙara.

Sai dai ranar nan Marwan tsiyar ma da ƙyar take fita. Bana ya gama lise, wato babbar sakandare, ya ci jarrabawar fita ta bak a zagaye na biyu bayan ya rame kamar kara, kuma saura kwana goma ya hau mota zuwa jami'a a Yamai. Abin da ya hana shi sakat tattabarunsa ne, aure goma sha biyu, waɗanda ya fara tarawa tun yana ɗan shekara goma. Babansa zai koma Kano cin rani, ya kuma yanke magana: jibi ranar kasuwa, ko a samo mai riƙe su, ko su tafi kasuwa a kwando. Tun safe Marwan yake zaga gari. Abokansa duk tafiya za su yi. Gida ɗaya ya rage, gidan matar da ta riga ta cinye masa 'yan shila huɗu da sunan wasa.

Ya tuɓe sabon takalminsa baƙi, wanda babansa ya kawo masa tukuicin cin jarrabawa, ya jera shi a bakin tabarma kamar wanda ya ajiye ƙwai. Ya zauna, ya miƙa mata man.

"Wannan ƙaramin?" in ji ta. "Gwiwa biyu gare ni."

"Ki shafa wa ɗaya. Ɗayar ai ta daɗe da yin ritaya."

"Gwiwar da ta goya ka kana zuba mini fitsari. Mene ne wancan a aljihunka? Takardar saki ce? Ba ni, na daɗe ina jira."

"Wa zai kwashe ki in na sake ki? Takardar 'yan ajinmu ce. Mushe, malamin ajinmu, ya sa aka buga mana ta ban kwana. Kowa da hotonsa, da abin da yake so in ba ya karatu, da halinsa, da aikin da yake buri."

"Kowa shi ya faɗi halinsa da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"To an tara maƙaryata a takarda ɗaya. Karanta mini."

Marwan ya buɗe. A ransa ya ce bari a bi ta nan, ko maganar za ta gangaro kan tattabaru da kanta.

"Ga Najaha. Tana son sauraron muhawara a rediyo. Halinta, sanyin rai. Burinta ta zama alƙaliya."

"Najaha jikar mai ƙosan bakin tasha? Sanyin rai? Yarinyar da ta tsayar da ni rabin yini a kan ko tsamiyata ta bara ce ko ta bana? In ta zama alƙaliya, ɓarawo zai roƙi a kai shi kaso ya huta."

"Ga Cha'ibu. Ƙwallo yake so. Halinsa, jarumta. Zai zama matuƙin jirgin sama."

"Wanda ya faɗo daga amalanke yana tsaye?"

"Jakin ne ya motsa."

"To shi jirgin ba ya motsi? Ka gaya mini ranar da zai fara, in shiga ɗaki in rufe."

Marwan ya yi dariya duk da gajiyar. Kaka Ladi ta buɗe man, ta shinshina, ta yatsina fuska, ta fara murza gwiwa.

"Fadila kuma zanen lalle take so. Likita za ta zama."

"Wannan na yarda. Hannunta ba ya rawa. Kai fa? Me ka rubuta, mai gidan da bai taɓa kawo cefane ba?"

"Na ce halina haƙuri."

"Innalillahi! Kai da ka ciji ungozoma ranar da aka haife ka?"

"Ba ni da haƙori a lokacin."

"Da dasashi ka cije ta. Har ta mutu tana nuna wurin."

"Haƙuri dai. Wanda ya zauna da ke shekara goma sha tara bai gudu ba, ai lambar yabo ya kamata a ba shi. Buri kuma na ce likitan dabbobi."

"Shekara goma sha uku kana jan takalmi zuwa lakwal neman boko, ƙarshenta ka ɗaga wutsiyar akuya?"

"In na dawo ke zan fara dubawa. Kyauta."

"Ja'iri. Saura ɗaya, ba ka karanta ba."

"Abin da nake so… kiwon tattabaru."

Ya faɗe shi a hankali yana kallon tabarma. Kaka Ladi ta daina murza gwiwa. Tsohuwa ce, amma ba a yi mata kwana a magana.

"Af. Ashe nan aka nufa. Shi ya sa yau man zafi ya zo ba a ce mini an manta ba."

"Aure goma sha biyu ne kawai, amarya. Tsaba kaɗan da safe, ruwa a kasko. Ba sa kuka, ba sa cizo. Sun fi ki sauƙin zama."

"Kawo su. Ina da yaji, ina da daddawa."

"Kin ga irinta ko! Huɗu kika ci mini."

"Uku. Na huɗun ƙashi ne zalla, ban lissafa shi ba. Kuma don kai na ci su. Kana ta karatu kana bushewa, na ce bari in ci wani abu mai maiƙo a madadinka."

"Allah ya saka. Da kika ci sai na ji na yi ƙiba."

"To me ya hana ka kai wa 'yan takardar nan? Ga mai sanyin rai, ga jarumi."

"Najaha Damagaram za ta. Cha'ibu Maraɗi. Fadila tare za mu hau mota. Kowa tafiya zai yi, Kaka."

Bai ce amarya ba wannan karon, ita ma ta ji. Ta rufe man, ta ajiye, ta nuna ɗakin da ke bayanta da haɓa.

"Tashi ka leƙa can."

"Na san abin da ke ciki."

"Ka sani, amma faɗa mini."

"Keken ɗinkin Baba Isufu."

"Wata uku ya ce. Zai je Legas ya dawo kafin damina. Damina tara ke nan. Sai kuma me?"

"Rediyon Baba Sallau da akwatinsa."

"Shi ko sallama da ya yi, cewa ya yi in kula kada ɓera ya shiga. Ɓeran ya shiga, ya yi aure, ya yi jikoki, Sallau bai zo ba. Cikin 'ya'yana ubanka ne kaɗai mai dawowa, shi ma sai ya ji ƙamshin ruwan sama. Kowa in zai tafi sai ya tuna da ni. Inna riƙe mini wannan, Inna ajiye mini wancan. Na zama rumbu. Na gaji, Marwan. Keke dai ba ya cin tsaba, ba ya mutuwa a hannuna in rasa abin da zan ce wa mai shi. Ka kai su kasuwa."

Tunkiya na ta tuƙa a gindin garu. Marwan ya naɗe takardar 'yan ajinsu, ya sake buɗewa, ya sake naɗewa. Ya tuna farar macen nan mai ɗigon baƙi a wuya, wadda take sauka a kafaɗarsa in ya yi fito. Jibi war haka wataƙila tana cikin tukunyar wani. Gajiyar zagayen da ya sha tun safe ta taru ta sauko masa gaba ɗaya.

"Shi ke nan," ya ce. "Dama ko kin yarda aiki ne. Sai an fige su."

"A fige su? Da ransu? Kai ne mai haƙurin?"

"Ba duka ba. Tattabara in kika sauya mata gida, kika sake ta, tsohon gidanta za ta koma. Sai a cire mata dogayen gashin fiffike ɗaya."

"Ɗaya? Don rowa?"

"In kika cire biyu daidai, tana iya daddafawa ta tashi. In ɗaya ne, da ta yunƙura sai ta karkace ta sauko. Kafin gashin ya fito ta saba da wurin, ta yi ƙwai. Daga nan ko ina ta je a duniya, nan za ta dawo ta kwana."

Kaka Ladi ta ɗago ta dube shi.

"Wa ya koya maka wannan? Mushe?"

"Ni na gano. Sai da aure uku suka gudar mini tukuna."

"Ni shida na haifa," ta ce a hankali. "Ba wanda ya gaya mini fiffike ɗaya ake cirewa."

Marwan ya sa takarda a aljihu, ya yunƙura zai tashi, ya miƙa hannu bakin tabarma. Takalmi ƙafa ɗaya ya tarar, na hagu. Ya duba bayansa, ya ɗaga gefen tabarma, ya leƙa wajen tunkiya.

"Amarya, ina takalmina?"

"Wane takalmi? Da ɗaya ka shigo."

"Da ɗaya na shigo? Tun daga kasuwa?"

"Na yi mamaki ni ma. Na ce yaron nan boko ya taɓa shi."

Sai ya lura zamanta ya sauya. Ta baje zani ta zauna daram, ta karkace gefe guda kamar kaza a kan ƙwai.

"Tashi in gani."

"Gwiwata ta yi ritaya, kai ka faɗa."

"Kaka, sabo ne! Sau biyu na sa shi. Da shi zan shiga jami'a!"

"Ka shiga da na hagu. Su san daga gidan haƙuri ka fito."

"Don Allah fa."

"Kada ka haɗa ni da Allah a kan kayan mijina. Abin miji na mata ne, tambayi Najaha alƙaliya." Ta gyara zama, takalmin ya yi ƙara a ƙarƙashinta. "Gobe da sassafe ka kawo tsuntsayen nan, kafin rana ta yi zafi. Ka kafa musu tukwanensu a jikin garun can, inda mage ba ta hawa. Kai za ka fige su da hannunka, ni ba na taɓa abin da ba zan ci ba."

Marwan ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, baki buɗe.

"Kin yarda?"

"Ban yarda ba, fashi na yi. Kuma duk wata 'yan shila biyu nawa ne, ladan gadi."

"Ɗaya."

"Biyu. Gwiwa biyu gare ni."

"Farar nan mai ɗigo a wuya fa, ko 'ya'yanta…"

"Na ji. Ita sarauniya ce, za mu zauna mu yi ta gulmarka. Takalmi kuma yana nan cikin adakata. Ranar da aka ba ku hutu, ka zo da ƙafarka ka karɓa. Ba aike, ba waya."

Dariya ta kama Marwan, irin wadda take zuwa wa mutum bayan ya gaji har ya fid da rai. Ya durƙusa ya miƙa mata ɗayan.

"To riƙe duka biyun, su zauna tare. Me zan yi da ƙafa ɗaya a Yamai?"

Ta ture hannunsa.

"Kai ka koya mini, yanzu kuma za ka ruɗe ni? In na riƙe biyu, mantawa za ka yi ka sayi wani, ya zama keken Isufu. Tafi da wannan. Ka sa shi a saman akwatinka, kullum ka buɗe ya harare ka."

Ta tuɓe tsohon silifanta na dama, wanda aka ɗinke da zare a wuri biyu, ta cilla masa.

"Ungo, ka kai kanka gida. Shi ma aro ne."

Marwan ya zura baƙin takalmi a hagu, silifan tsohuwa a dama, diddigensa na taɓa ƙasa. Ya yi taku biyu ya karkace.

"Ka gani?" in ji Kaka Ladi, tana dariya har da share ido da bakin zani. "Yunƙura mu ga ko za ka tashi."

"Kin ci, amarya," ya ce daga bakin zaure. "Ki tanadi kaskon ruwa."