Layar Injiniya Isyaku

Nafi'u, wannan labarin naka ne. Da kana raye, sai an riƙe ka don dariya.

Ka san Isyaku, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya don kawai ya iya canza hoton fuskar waya. Shi ne ke ɗaukar bidiyon majalisarmu ta gindin darbejiya yana ɗorawa a shafinsa, har da waɗanda kake kwaikwayon direbobin tasha. Tun da ka rasu, can kaɗai ake zuwa a ji muryarka.

To, sai raɗe-raɗi ya tashi wai za a yi dokar share shafukan masu dogon baki. Isyaku ya ce ai dominsa za a yi ta. Mutumin da mabiyansa ba za su cika motar haya ba, ya rantse wai da sunansa manya ke kwana suke tashi.

Ya ce kafin su taɓa shi, zai riga su. Ya kwashe komai ya zuba a ɗan memori kamar farcen jariri, sannan ya goge shafin da hannunsa, ƙaf. Ita ma wayar ya wanke ta tas. Habu mai faci ya roƙe shi ya tura wa mutane su ma su ajiye. Isyaku ya kalle shi sheƙeƙe.

"Ku da wayoyinku suka cika da hoton shinkafar biki? Wannan ajiyar manya ce."

Ga ajiyar manyan. Ya naɗe memorin a takarda, ya ɗaure da zare, ya kai wa Baba Tanko baduku ya ce a rufe masa laya. Bai faɗi abin da ke ciki ba, don a lokacin kowa ɗan leƙen asiri ne a idonsa. Ya dai ce a matse ta sosai kada ta motsa. Ya ɗaura a damtse, yana yawo yana bubbuga wurin, wai tarihin unguwa ne a jikinsa.

Doka shiru. Damina ta zo ta wuce, shafin kowa na nan, har na mai tallan kaji. Majalisa ta taso shi a gaba, aka ce an yi kewar muryar Nafi'u, ya buɗe layar.

Isyaku ya sa aka ba shi kujera. Ya naɗe hannun riga, ya yi gyaran murya, ya sa reza. Ɓararak! Takarda ta buɗe. Sai ga memori na lilo a jikin zaren ɗinki, da huda a tsakiyarsa kamar dutsen carbi.

Aka ɗunguma wurin Baba Tanko, Isyaku na gaba yana huci.

"Af, na tuna," in ji tsohon. "Wani abu ya tokare min basilla. Na ce kai, malamin yaron nan rubutunsa da tauri! Sai da na sa guduma ta wuce."

Habu ya dafa kafaɗar Isyaku a hankali.

"Sannu Injiniya. Gwamnati ta gode, ka hutar da ita."

An yi dariya har da masu faɗuwa. Can kuma aka tuna muryar wa ke cikin abin da aka huda.

Ɗan guntun bidiyon nan da ka turo min, wanda dariya ta ƙwace maka kana tsakiyar kwaikwayon direban Gusau, yana nan a wayata. Shi nake kunnawa in gari ya yi min faɗi. Isyaku kuwa ta bayan layi yake bi yanzu. Ban faɗa wa kowa ina da guntun ba tukuna.