Tukwanen Marigayiya

Ko zan manta komai na zamana a London, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da matan unguwar Tottenham suka taru don yi wa ƙawata jajen gobara ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a kicin.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Digiri na biyu na zo yi a fannin adabin Turanci, a wata jami'a da ke Aldwych, kuma bincikena gaba ɗaya a kan mace guda ne, wata mai rubuta waƙoƙi cikin Turawan farko da suka tsallaka teku suka zauna a Amurka. A nan Ingila aka haife ta, ta bi mijinta da iyayenta a jirgin ruwa zuwa wani daji mai sanyi inda ko kasuwa babu. A can ta haifi 'ya'ya takwas, tana fama da ciwo, tana rubutu in ta samu sarari, a zamanin da maza ke ganin bai dace mace ta riƙe alƙalami ba. Ta rasu sama da shekara ɗari uku da suka wuce. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe da kyau, don ita kaɗai ce na manta ban faɗa ba a inda ya kamata.

Watanni na yi ina kwana da matar nan ina tashi da ita. A bas ita nake karantawa, a jirgin ƙarƙashin ƙasa ita, a layin sayen shayi ma ita. Har na daina kiran sunanta, sai dai in ce ƙawata ta ce kaza, ƙawata ta sha wuya. Abokan karatuna sun saba, ba wanda ke ɗaga kai.

Ana cikin haka maganar aurena da Sadiq ta taso. Sadiq haifaffen London ne, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake ba da amsa. Iyayena a Kano sun amince. Saura mahaifiyarsa, Hajiya, tsohuwar nas mai ritaya, wadda duk wata sabgar matan arewa a unguwarsu, suna ne ko rasuwa, sai ta bi ta falonta. Kuma Hajiya ba ta yi na'am da ni ba. Cewa ta yi, "Duk likitocin da ke garin nan, ka rasa wadda za ka kawo min sai mai karatun waƙa?" (Sadiq da kansa ya kawo min maganar yadda take, ko gishiri bai rage ba. Mutumin kirki ne, amma wayo bai dame shi ba.)

Ranar da aka gayyace ni cin abinci na je da shirin yaƙi. Na yafa babban mayafi, na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallona ta saman tabarau. Aka zuba tuwon shinkafa da miyar taushe. Ban kai loma ta uku ba ta jefo tambayar da nake tsoro.

"To, wai me kike yi a makarantar nan taku?"

Na san in na ce waƙa, shi ke nan an gama da ni. Sai na ce a raina bari in nuna mata mutum, ba takarda ba.

"Hajiya, wata baiwar Allah ce Baturiya a Amurka nake aiki a kanta. 'Ya'yanta takwas, ga ciwo, ga jikokinta ƙanana suna ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Kuma cikin dare wuta ta tashi a gidanta, komai ya ƙone ƙurmus, har littattafanta."

Hajiya ta ajiye cokalin miya. Da na ga haka sai na ƙara wuta. Na ba ta labarin yadda matar ke wucewa ta gaban kangon gidan tana tuna inda akwatinta yake a da, da inda baƙi ke zama su ci abinci. Ni dama wurin nan kullum yana taɓa ni, sai ga hawaye na gaske a idona.

"Allah sarki," in ji Hajiya. "Mijin fa?"

"Kullum yana kan hanya, aikin gwamnati."

"Haka suke. Tana da inshora?"

"Ina fa, Hajiya. Ko ɗaya."

"Council ɗinsu, wato ƙaramar hukuma, bai ba su wurin zama ba?"

"Ai babu council a wajen."

"Kuna tare sosai ke nan?"

"Kullum muna tare, Hajiya."

Ku duba da kyau, duk cikin amsoshin nan babu ƙarya ko guda. Da ta kawo maganar inshora, gaskiya wani abu ya ɗan motsa a zuciyata ya ce ke, anya kuwa? Amma a daidai lokacin Hajiya ta tsamo tsoka mafi girma a kwanon ta ɗora min, ta ce, "Ci, 'yata. Yarinyar da ke kuka don wahalar wani ba a rasa alheri a wurinta." Wadda ta taɓa jiran kalmar 'yata daga bakin uwar miji ta san ba lokacin gyaran tarihi ba ne. Na ce a raina ai ta gane, tausayin mutanen da ne kawai ya kama ta. Sadiq kuwa, wanda ya san komai game da ƙawata, yana gefe ya duƙufa kan ƙwallo a waya, bai ji ko kalma ba.

Bayan kwanaki Hajiya ta kira ni da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in zo ranar Asabar bayan la'asar, mata na son ganina. Na ajiye waya na yi rawa ni kaɗai a ɗaki. Na tabbata gabatar da ni za a yi a matsayin amarya. Har lalle na je aka zana min, na fito da atamfar da nake ɓoyo don babbar rana.

Tun daga ƙofar flat ɗin na fara tsallake kaya. Jakunkunan Ghana-must-go cike taf, barguna, zannuwa, takalman yara, butar lantarki, da jerin tukwane sababbi fil, babba na goye da ƙarama. Zuciyata ta ce lefe ne. (Na sani, ba a sa tukunya a lefe, ba a kuma kiran amarya ta zo ta gani a gidan miji. Amma ranar hankalina yana hutu.) Falo cike da mata, wasu a kujera wasu a kafet. Na bi su ɗaya ɗaya na gaisar, ina sunkuyar da kai irin na amare, ina ɗan juya hannu don lallen ya fito.

Hajiya ta gyara murya ta ce, "Ga yarinyar da na ba ku labari. Ita ce ƙawar mai gobarar."

Nan take na sauke hannun lallen.

Ashe ranar Juma'a, ana idar da salla a masallacin Regent's Park, Hajiya ta tare mata a bakin ƙofa ta ba su labarin uwar 'ya'ya takwas da wuta ta cinye wa gida, ba inshora, ba council, miji ba ya zama. Kun san mu da jajen gobara, ba a tambayar ko wace ce, kowa gida take komawa ta buɗe akwati. Maƙwabciyar Hajiya, Mama Rifkatu, wata dattijuwa 'yar Jos mai faɗin gaskiya ko ta kan wa za ta faɗo, ta kama hannuna ta ce, "Da Hajiya ta ce min Baturiya ce, na ce to wataƙila tamu ce. Ranar Lahadi mun sa ta a addu'a a coci, Allah ya ba ta lafiya, ya sa mijin ya riƙa zama a gida."

Wata daga kusurwa ta ce, "Ni na riga na yi booking da mai kargo, adireshi kawai yake jira. Ki faɗa mana shekarun yaran, kar mu aika takalman da ba za su shiga ba."

Hajiya ta ɗaga hannu ta ce kaya ba su kai gaisuwa ba, jaje shi ne gaba. Ta miƙo min wayarta. "Na duba, yanzu rana ta fito a wajensu. Kira mana ita a bidiyo mu gan ta, ta san tana da mutane."

Mata suka shiga gyara mayafi da ɗauri, suna matsowa don kowa ta fito a hoto. Ni kuwa ina tsaye riƙe da waya, da lallena, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Na yi tunanin in ce network ba kyau. Na yi tunanin in faɗi in suma, sai na tuna rabin matan ɗakin nas-nas ne, minti ɗaya ba zan yi ba za su gano ni.

"Hajiya, ba ta da waya," na ce a hankali.

"Ita ma ta ƙone? Akwai tsohuwar wayar Sadiq a durowa, a sa a cikin kayan."

Daga nan na san babu sauran hanya. Na ce, "Hajiya, ta rasu."

Falon ya ɗauki salati. Mama Rifkatu ta ɗora hannu a ka. Wata har ta fara share ido da bakin mayafi, tana cewa wayyo marayu takwas. Hajiya ta dafa ƙirji ta ce, "Yaushe? Ciwon ne, ko hayaƙin da ta shaƙa?"

"Ba cikin satin nan ba ne. An ɗan jima."

"Kamar yaushe?"

"Sama da shekara ɗari uku, Hajiya."

Mai share ido ta tsaya da mayafinta a hannu, ta rasa ko ta ci gaba ko ta fasa. Can Mama Rifkatu ta ce, "Ke nan mijin da muka roƙa masa zaman gida, ya daɗe da zama wuri ɗaya." A daidai nan Sadiq ya shigo ɗauke da katan ɗin lemo, ya tambayi abin da ke faruwa, aka gaya masa. Ya ajiye katan ɗin ya fashe da dariya har yana riƙe bango. Kallo ɗaya Hajiya ta yi masa ya koma inda ya fito.

Na durƙusa a gabanta ina ba da haƙuri, hawaye na wanke kwallin da na ɓata lokaci ina sawa. Na san na kunyata ta a gaban matan da take jagoranta, na kuma san aure ya tafi. A raina har na fara tsara yadda zan gaya wa Ummata a waya.

Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi miki. Maganar nan ta wucewa ta kango tana tuna inda akwatinta yake, ke kika ƙara don daɗin labari, ko ita ta rubuta?"

"Ita ta rubuta, Hajiya. A cikin waƙarta yake."

"To ba ta yi ƙarya ba." Ta juya ga matan. "Ina ƙarama gidanmu ya ƙone a Zariya. Yau in kin kai ni filin, zan nuna miki inda gadon Innata yake, da inda muke ajiye randa. Ban taɓa jin wanda ya faɗi abin yadda yake ba sai a bakin yarinyar nan. Daren da ta ba ni labarin ban runtsa ba." Ta dube ni. "Matar da ta mutu tun ba a haifi kakan kakana ba ta hana ni barci, ta sa na tara wa mutane kaya a falo. Ashe karatun naki ba wasa ba ne. Tashi, kin ishe ni da kuka."

Sai a lokacin dariya ta ɓalle, irin wadda mata ke yi suna dukan cinyar juna. Mai kargo aka kira aka yi cancel. Barguna da kayan yara aka ce a raba biyu, rabi masallaci rabi coci, ba a rasa mabuƙata. Saura tukwane, don masu su sun rantse abin da ya fita da sunan jaje ba ya komawa gida.

Mama Rifkatu ce ta yanke hukunci. Ta ce, "Marigayiya ba ta da kowa a London sai wannan. Ita ce magajiya, a ba ta gadonta."

Hajiya ta mayar da tabarau, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "A sa mata su a sito. Ai ta kusa buƙatarsu."

Ban fahimci abin da ta faɗa ba sai da na ga mata suna guɗa ƙasa ƙasa suna zungurina. Wannan ita ce amincewar da na yi ta nema da durƙuso da lalle, ta zo min ta kan tukwanen matar da ba ta san an yi ni ba.

Yanzu a cikinsu nake dafa wa Sadiq da yara abinci, kuma duk Tottenham ba mai kirana da sunana, Magajiya ce kawai. A taron suna ko biki, sai wata ta matso da fuskar tausayi ta ce, "Ya ƙawar taki, an gyara gidan kuwa?" Ni ma na koyi darasina. Duk wanda zan ba da labarinsa a gaban surukata, ko mai gyaran famfo ne, sai na fara faɗin yana raye ko ya mutu, kafin ta kai ga buɗe akwati.