Amaryar Injiniya Dauda a Kan Allon Majigi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da za a goge ƙwaƙwalwata kamar yadda ake goge tsohuwar waya kafin a sayar da ita. Har yau idan na bi ta gaban zauren taron cocinmu a Sabon Gari, sai in ji bayan wuyana ya ɗauki zafi.

Ina aiki a wani shagon buga takardu a Samaru, irin waɗanda ɗalibai ke cikawa suna roƙon a gama musu aiki kafin malami ya tashi daga ofis. Tsakanin wannan shafi da wancan, ni kuma ina karanta littattafan soyayya. Tun ina ƙaramar sakandare nake karanta su, ƙananan nan na kasuwa masu hoton fure a bango, har na kai matsayin da idan namiji ya ce min "sannu" sai in tsaya nazarin abin da ke ƙarƙashin sannun. (Yawanci babu komai a ƙarƙashinta. Sannu ce kawai.)

Sai Allah ya kawo Dauda. Mai gyaran kwamfuta ne, shagonsa yana Sabon Gari, cocinmu ɗaya, kowa kuma Injiniya yake kiransa. Ranar da kwamfutar shagonmu ta kamu da cuta ta riƙa ɓoye ayyukan ɗalibai, shi maigidana ya kira. Ya zauna a kujerata, ya kalli allo, ya kalli filas ɗin da ɗalibai ke kawo aikinsu a ciki, ya ce, "Wa yake cusa kowane filas a nan ba tare da an duba shi ba?" Ni ce. Amma ban ji faɗan ba, muryar kawai na ji, mai sanyi kamar ruwan randa. A littafi jarumi yakan zo a mota mai baƙin gilashi. Nawa a acaɓa ya zo, da ƙaramin sukuddireba a aljihun gaba, zuciyata kuwa ba ta tsaya duba bambancin ba.

Matsalar ita ce Dauda ba ya zancen komai sai na'ura. Don haka na koma ɗaliba. Na shiga bin labaran fasaha a waya: yau 'yan kutse sun shiga can, gobe an gano ɓaraka a wata manhaja. Rabi nake fahimta, rabi in haddace. Cikin ɗan lokaci na zama mai ra'ayi. Ɗalibi ba zai miƙo min filas ba sai ya sha wa'azi. Manhajar da ka sauke daga inda ba ka sani ba, in ce masa, daidai take da naman da ka tsinta a bakin hanya. Wayarka tana roƙonka ka sabunta ta, kana danna "anjima" kamar wanda ake tashi zuwa gona. Kalmar sirrinka kuma ranar haihuwarka ce, ko ba haka ba? Sai su yi dariya, domin haka ɗin ne.

Duk ranar Lahadi bayan sujada ina da sabon labarin da zan tare shi da shi. Wata rana na ce masa ni a ganina duk wanda ba shi da manhajar riga-kafi ya bar ƙofar ɗakinsa a buɗe.

Ya ce, "Tana da amfani. Amma yawancin waɗanda ake cuta, da hannunsu suke buɗe ƙofar. Manhaja ba ta maganin sakaci." Sannan ya ɗan dube ni ya ƙara da cewa, "Kina bin abubuwan nan sosai fa."

Wannan "sosai fa" na yi mako guda ina juya ta.

A makon ne na aikata abin. Ana ruwan sama, babu kowa a shago, na gama wani littafi inda jarumar ta ɗinka sunan masoyinta a cikin haɓar zaninta, wurin da babu mai gani. Abin ya burge ni. Ni ban iya ɗinki ba, sai na shiga laluben lungunan wayata, har na isa wurin hosfot, wato abin nan da ake kunnawa a raba wa wata waya data. Akwai gurbin suna a wurin. Na goge sunan da ta zo da shi, na rubuta: Amaryar Injiniya Dauda. Na san duk wanda ke kusa zai iya ganin sunan idan an kunna, amma ni marowaciyar data ce, ban taɓa kunna wa kowa ba. Na kalli rubutun, na yi murmushi, na rufe. Haɓar zanina ke nan.

Ba a daɗe ba 'yan damfara suka addabi matan cocinmu. A kira mace a ce ta karanto lambobin da aka turo mata, tana karantowa a ƙwace mata asusun hirarta, a shiga yi wa 'yan'uwanta ƙarya da sunanta. Sai zumuntar mata ta gayyaci Dauda ya koyar da su tsaron waya. Shi kuma ya tare ni ya ce, "Ko za ki buɗe taron da 'yan kalmomi? Mata sun fi jin ta bakin mace." Na ce to a hankali, kamar ba komai ba. A gida kuwa na gwada kaya kala-kala a gaban madubi har ƙanwata ta tambaya ko ɗaurin aure za ni.

Ranar na tafi tare da Goggo Saratu, ƙanwar babana, wadda nake zaune a wurinta a Jushi. Goggo mace ce mai kirki, sai dai ba ta san raɗa ba. Abin da ta kira raɗa, maƙwabta suna amsa mata. A ƙofar zaure ta riƙe min hannu.

"'Yar nan, datata ta ƙare. Ina so Rahila ta ji wannan karatu daga Jos, ita ma sun kusa cinye ta. Ɗan sam min taki."

Rahila 'yarta ce. Ba yadda zan ce a'a. Na karɓi wayarta da kaina, na kunna hosfot, na haɗa ta, na mayar mata. Na ga sunan, har na ɗan ji daɗi, na ce a raina wa ke duba irin wannan wurin? Goggo ta kira Rahila ta bidiyo, ta ɗaga waya sama kamar mai riƙe fitila, muka zauna a layin gaba.

Na yi jawabina. Kai, na yi jawabi! Na ce, "Iyayena mata, waya ba aminiya ba ce. Abin da ba kya so duniya ta gani, kada ki ba waya ajiyarsa." Aka tafa. Mama Fasto, matar fastonmu, ta ce, "Yarinyar nan akwai kai." Na saci kallon Dauda, na ga yana gyaɗa kai. Na koma kujerata ina jin kamar a shafi na ƙarshe nake, inda komai ke daidaita.

Dauda ya haɗa kwamfutarsa da majigi, allonta ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Ya yi bayanin lambobin da ba a ba kowa, ya yi na saƙonnin "kin ci kyauta". Sannan ya ce, "Yanzu zan nuna muku wani abu. Wayoyinku suna magana ko da bakinku a rufe yake. Bari mu ga waɗanda suka bar hosfot a kunne a ɗakin nan."

Kafin maganar ta gama isa ƙwaƙwalwata, sunaye sun fito a bango. Ya fara karantawa. "Babu Data Kar Ka Roƙa." Aka yi dariya. "Maman Joy Mai Kifi." Maman Joy ta ɗaga hannu tana cewa a zo a saya. Sai ya tsaya a nan. Bai karanta na ukun ba. Bai kuwa buƙaci karantawa ba, domin haruffan sun kai girman tafin hannu, kuma matan zumunta sun iya karatu.

Zauren ya fashe da dariya. Wata ta rangaɗa guɗa daga baya.

Dauda ya share murya ya ce, "To, ai Dauda da yawa ne a Zariya."

Maman Joy ta ce, "Injiniya dai ɗaya muka sani! Amarya, fito mu gan ki!"

Ku lura, har zuwa lokacin babu wanda ya san ni ce. Da na zauna shiru na yi dariya tare da kowa, da shi ke nan. Amma ni ce masaniyar tsaro. Na yi tunani cikin sauri: idan na kashe hosfot, kiran Goggo zai yanke, za ta yi magana. Idan kuwa suna kawai na canza, babu abin da zai faru. (Wannan yana cikin rabin da na haddace ban fahimta ba.) Na zura hannu cikin jaka, na goge sunan. Sai gurbin ya tsaya yana jiran sabo. Kaina babu komai sai abu ɗaya da zuciyata ke ta maimaitawa, shi kuwa na rubuta.

A bango, Amaryar Injiniya Dauda ta ɓace. A wurinta wani suna ya fito: Ba ni ba ce.

Ban taɓa jin dariya irin wannan a harabar coci ba. Mama Fasto ta cire tabarau tana share hawaye. Dauda ya juya baya yana gyara wata wayar wuta da ba abin da ya same ta. Ni ma na buɗe baki ina dariyar dole, ina cewa a raina na tsira.

Sai Goggo ta girgiza wayarta.

"Ke 'yar nan, me kika taɓa? Rahila ta daskare!"

Na ce a hankali, "Goggo, sabis ne."

"Wane sabis? Ai a wayarki kika haɗa ni. Ina ganinki kika sa hannu a jaka, Rahila ta tafi." Ta ɗaga kai ta dubi bango. Ta dube ni. Na ga lissafin yana haɗuwa a fuskarta, na riƙa roƙon Allah ya sa ta yi shi a zuci. "Tsaya. Kina taɓawa Rahila ta tafi, Amarya ma ta tafi..." Ta dafe ƙirji. "Au! Ashe ke ce!"

A littafi, a irin wannan wurin jaruma takan suma, a yayyafa mata ruwa, ta farka a wani babin. Na jira suman bai zo ba. Ina nan zaune garau, ina jin komai, har da muryar Maman Joy tana cewa, "Waya ba aminiya ba ce, iyayena mata!"

Wanda ya cece ni shi ne wanda na fi jin kunyarsa. Ya ɗaga hannu har aka yi shiru, ya ce, "Kun ga abin da nake faɗa. Wadda ta fi mu duka kula ma ta manta da ƙofa ɗaya. Kowa ta ciro wayarta yanzu, mu duba tata." Nan take kowa ta sunkuya, aka shiga "wayyo, nawa ma a kunne yake". Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Na gode masa a raina, kuma na tabbata shi ke nan, na rasa shi. Ko hirar bayan sujada ba zan ƙara samu ba. Ana rufe taro da addu'a na sulale.

Kwanaki ban taka Sabon Gari da rana ba sai ta lungu. Goggo kuwa ta kasa gane laifinta. "To ƙarya na yi? Yaron ma ba shi da aibu."

Wata ranar aiki ina shago a Samaru, netwok ɗinmu ya ɗauke ana tsakiyar tura aikin wata ɗaliba. Na buɗe wurin neman wani netwok a kwamfuta. Cikin sunayen da suka fito akwai wani sabo: Ke ce mana. Fito waje.

Na fita. Dauda yana tsaye a gindin bishiya da jakarsa a kafaɗa. Na tsaya ina jiran kalaman da na sha karantawa, na wata da taurari da numfashi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ranar nan da na koma gida na yi ta tunani. Idan sunan ke nan, ina tsoron kalmar sirrin. Sunana ne da ɗaya biyu uku, ko?"

Na rufe fuska da tafin hannu. Haka ne.

Ya ce, "Ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Ya kamata mu zauna mu canza ta. Yaushe Goggo take gida? Ina so in zo in gaishe ta."

Yanzu dai magana tana hannun manya. Matan zumunta sun daina kirana da sunana, Ba-ni-ba-ce suke cewa, har Mama Fasto. Ina nan kan ra'ayina cewa a sabunta manhaja, a daina sauke abin da ba a sani ba, sai dai na rage ɗaga murya idan ina faɗa. Abin da na koya shi ne: waya ba haɓar zani ba ce, kuma duk tsaron da za ki yi, idan kin haɗa Goggo da datarki, to kin riga kin buɗe ƙofa.