Batirin da ya tona ni a zauren surukina

Ko da zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tuɓe riga a gaban surukina ba. A zaure fa, ga ƙannensa biyu a zaune, ana tsakiyar addu'a.

Bari in faro daga farko. Na daɗe ina shan taba, tun ina makaranta. Da na fara neman Bilkisu sai ta ce in zaɓa, ko ita ko tabar. Abokina Nura ne ya kawo mini sigarin lantarki, irin wanda ake ɗura wa ruwa mai ƙamshi a sa masa batir, ya ce da shi zan riƙa ragewa har in rabu da abin. Ya haɗo mini da batirinsa, da cajarsa, da wani ɗan akwatin roba na ajiye batirin. Ya yi ta jaddada mini cewa ba a barin batirin nan tsirara a aljihu, ba a kuma yi masa caji da kowace irin caja. Na ce to (irin "to" ɗin da mutum ke yi hankalinsa na kan waya).

Akwatin ne ya fara ɓacewa, caja ta bi bayansa, daga baya batirin ya gaji. Maimakon in nemi irinsa, sai na zaro na wata tsohuwar tocila. Girmansu ɗaya. Ledar da ke jikinsa ta yage ta wajen kai, amma ai batir batir ne, in ji ni, babban injiniya. Caja kuwa na samo irin mai sifirin ɗin nan, wadda ba ta ƙin duk abin da aka cusa mata.

Ana nan sai Malam, mahaifin Bilkisu, ya aiko yana son ganina. Tsohon malamin makaranta ne, gidansu na Ƙofar Galadima. Masu bincike sun kai masa labarin taba, yana so ya ji daga bakina. Bilkisu ta kira ni a waya.

"In Baba ya ce a'a, to a'a ce, ka san shi. Don Allah kada ka zo da abin nan."

Na rantse ba zan zo da shi ba, kuma na cika, a gida na bar shi. Sai dai da yake mun kwana biyu babu wuta a unguwarmu, Tudun Jukun, batirin yana wurin mai cajin waya. Ranar zuwan, muna wucewa ta wurin da Nura, wanda ya raka ni, na faki idonsa na karɓi batirin, kada ya salwanta. Na ji shi da zafi kamar dafaffen ƙwai, na jefa shi aljihun sabuwar shaddata, inda makullaina suke. Har ina yaba wa kaina dabara: ai ba sigarin na ɗauko ba.

Keke ya ajiye mu a bakin lungu, muka ƙarasa da ƙafa. Muka yi sallama, muka cire takalma, na durƙusa can gefen tabarma, kai a sunkuye. Bayan gaisuwa Malam ya tafi kai tsaye.

"An ce mini kana shan taba."

"Na bari, Baba."

"Ka bari duka?"

"Duka, Baba." (Nura ya yi wani ɗan tari. Allah ya isa tsakanina da tarin nan.)

Malam ya ce madalla, ya dubi ɗaya daga cikin ƙannensa ya ce a yi mana addu'a. Wannan ƙanin nasa kuwa mutum ne da in ya ɗaga hannu sai ya kewaye kakanni da maƙwabta da masu mulki kafin ya sauke. Muka ɗaga hannu. Durƙuson da na yi ya matse makullai da batirin wuri guda.

Da farko ɗumi na ji a cinya, na ce fargaba ce. Sai ɗumin ya zama zafi. To yaya mai neman aure zai sauke hannu ana yi masa addu'a ya hau laluben aljihu? Na daure. Amin ɗina ta fara ƙarfi, tana fita da sauri, har mai addu'ar ya ji daɗi ya ƙara tsawaitawa. Gumi ya jiƙa mini hula. Can na ji wani sauti, tsssss, sai warin ƙonanniyar roba, sai ga hayaƙi yana tasowa daga gefena a natse.

"Innalillahi! Wuta!" in ji Nura.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na cire rigar ta kai, hula ta yi nata wuri, na yi jifa da ita tsakiyar zaure. Batirin ya faɗo yana tartsatsi yana juyi a ƙasa, dattawa suka tattare ƙafafu, Nura ya tura shi waje da takalmi ya bi shi da ƙasa. Ni kuwa ina tsaye ina fifita cinya da hannu, daga ni sai wando da singileti. Singiletin ma tsohuwa ce, mai huji uku a ciki (wa ya san za a duba ta?). Ihun ya jawo mutanen gida, labulen ƙofar ciki ya cika da idanu, kuma na gane na Bilkisu a ciki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam bai ko tashi ba. Ya dubi rigar, ya dube ni.

"Wannan kuma batirin mene ne?"

Ƙarya ta ƙare. Na koma na durƙusa a haka, na faɗa masa komai: tabar, da sigarin lantarki, da tocila, da caja. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Wato hayaƙin ya bar baki, ya koma aljihu."

Ƙannensa suka fashe da dariya, mai addu'ar har da hawaye. Ni dai ina jiran a ce in tashi in ba su wuri. Sai Malam ya sa aka ɗauko mini rigarsa guda da man shafawa, ya ce mai ƙoƙarin bari ba abin ƙi ba ne, abin da bai so ba shi ne "duka" ɗin da na ce masa. Ya ce in je, ran da dukan ta zama gaskiya in dawo. A rigarsa na koma gida, hannuwanta sun haɗiye nawa, mutanen lungu suna gaishe ni daga baya suna "Malam, an fito?"

Dukan ta zama gaskiya, na dawo, kuma an ɗaura aure. Yanzu duk wanda na gani da irin na'urar nan sai na tsare shi da wa'azi: ka nemi batirin da aka yi dominta, ka yi masa caji da cajarsa, ka ajiye shi a akwatinsa, in ledarsa ta yage ka rabu da shi. Kuma in za ka gidan surukai, ka sa singileti mai mutunci.

Har yau in na je gaida Malam, da na durƙusa sai ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya:

"A kawo buta kusa, mijin Bilkisu ya zo."