Faɗa-wutar da Na Kama a Lambara

Sati biyu na yi ina karatun manyan faɗa-wuta a waya, har na fara jin babu ƙwaron da zai ɓuya mini a duk ƙasar Shagari. Ranar da na je gaida surukina a Lambara, na tarar da shi da abokansa a gindin dogonyaro. Ana gama gaisuwa na hango wani abu ruwan ƙasa, faɗin tafin hannu, manne a jikin itacen.

"Baba, kada kowa ya motsa," na ce. "Ga faɗa-wuta can a jikin itacen. Kun shekara nan ba ku gan ta ba, saboda launin fukafukanta ya saje da ɓawon. Sai mai ido."

Na yi musu bayanin zanen bayanta, na tabbatar musu mace ce, har na nuna inda kanta yake. Dattawa suka zuba mini ido, ni kuwa daɗi ya cika ni. Na cire sabuwar hulata, na lallaɓa da sanɗa, na kifa mata da ƙarfi.

Ba ta tashi ba. Wari ne ya tashi.

Wani tsoho ya yi gyaran murya. "Malam, wanga kashin shanu na. Ɗazu nig goge takalmina nan."

Surukina ya yi dariya har carbinsa ya faɗi.

Har yau, in saniya ta ɗaga wutsiya a Lambara, sai wani ya ƙwala: "Ku kira Malam, za ta haifi mai fukafukai!"