Madugun Salala

Wani ne a nan Dubai, ma'aikacin wani sito a unguwar Al Warsan. Aikinsa ɗaure kwali da manna takarda. Amma in ya buɗe baki a majalisa, sai ka rantse da jirgin sama yake yawo a aljihu.

Shekarar da ta gabaci korona ce, cikin watan Agusta, saura kwana tara Babbar Sallah. An sauko daga Juma'a, an taru a falon Hajiya Uwa mai tuwo a Al Rigga, inda Hausawa ke haɗuwa kowane mako. Zafin da ake yi a waje, in ka aje ƙwai a kan mota zai soyu. Sai Musbahu, wani ɗan boko mai jin Larabci, ya ce Balaraben ofishinsu zai tafi hutu Salala.

"Ina ne kuma Salala?" in ji Hajiya.

"Can kudancin Oman, bakin teku. Tsohon gari ne, tun zamanin fataken turare. Wai yanzu damina ake yi a can."

Mutumin naka ya aje lomarsa, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Salala? Yara ke nan. Sau bakwai na je."

"Bakwai?"

"Banda wanda na je na dawo a ranar. Ni fa ko idona a rufe zan kai ka kasuwar turaren lubban. Masu kwakwar bakin titi in sun hango ni, tsayuwa suke yi."

Alhaji Ɗantani mai kargo, wanda shi ne babba a majalisar, ya tanƙwashe ƙafa ya ce, "Ashe muna zaune da arziki ba mu sani ba. To khalas, magana ta ƙare. Hutun Sallar nan Salala za mu, kwana uku. Ana saukowa daga idi mu kama hanya. Musbahu, kai ne biza da mota. Malam, kai ne Madugu."

Aka ɗauki tafi. "Madugu! Madugu!"

Hajiya ta ƙara masa tsoka biyu a miya.

To gaskiyar magana, tun da mutumin nan ya sauka a Dubai shekara huɗu da suka wuce, tafiya mafi nisa da ya yi ita ce ranar da barci ya kwashe shi a jirgin ƙasa na metro, ya farka a tashar ƙarshe. Kuma ya san halin majalisar nan. In asiri ya tonu, ba zai sake iya taka falon Hajiya ba. Ga shi duk faɗin Dubai nan ne kawai ake samun tuwo miyar kuka da man shanu. Ko dai ya rushe tafiyar nan, ko ya koma cin burodin Indiyawa da wake har ranar da zai bar ƙasar.

Sati guda ya yi yana kallon Salala a waya, yana tsince duk wani aibu nata. Juma'a ta zagayo, ya shigo fuska a murtuke kamar mai kawo labarin rasuwa.

"Jama'a, amana ce ta sa zan faɗa. Na yi waya da mutanena na can. Bana abin ya ɓaci."

"Subhanallahi! Me ya faru?"

"Ruwa. Yayyafi ba tsayawa. Sai ka yi kwana uku ba ka ga rana ba."

Hajiya Uwa ta dafe ƙirji. "Kwana uku ba rana? Wayyo Allah, Ka nuna mana! Alhaji, a sa sunana. Na rufe tukunya."

"Hajiya, ba ki gane ba. Taɓo ne ko'ina. Caɓi har idon sawu."

Alhaji Ɗantani ya dubi takalminsa, ya girgiza kai. "Shekara goma sha ɗaya rabon takalmin nan da taɓo. Ni cire shi ma zan yi, in taka da ƙafata."

Madugu ya share gumi. Ya sake ɗauko wata.

"To ga dabbobi. Raƙuma da shanu a tsakiyar titi, ba mai kora. Kashin shanu kuwa, ba wajen sa ƙafa. Wari har cikin mota."

Akwai wani Mahamadou, mutumin Maraɗi, mai sayar da waya. Shi da ma cewa ya yi ba za shi ba. Yana jin haka sai idonsa ya kawo ruwa.

"Kashin shanu da ruwan sama a kai? Wallahi ƙamshin garkenmu ke nan. Voilà! Ku rubuta ni, ni da ƙanena."

"Sauro fa!" Madugu ya ɗaga murya. "Sauron can ba irin naku ba ne. In ya sauka a kafaɗarka sai ka ji nauyi."

"Ni fa ko kukan sauro na yi kewa," in ji Musbahu. "Nan sai kukan na'urar sanyi."

"Ga sanyi!" in ji Madugu. "Sai da bargo!"

Falo ya kaure da kabbara. Wani ya fita da gudu zai kira matarsa. Da matafiya biyar aka shiga taron nan, da goma sha huɗu aka tashi. Musbahu ya bi kowa ya ɗauki hoton shafin farko na fasfo, ya ce biza a intanet ake yin ta, kafin Sallah ta fito. Alhaji ya kama hannun Madugu ya riƙe.

"Allah Ya yi maka albarka. Da wani ne sai ya ɓoye mana daɗin wurin."

Hajiya ta ƙara masa tsoka uku. Ya ci, amma ba su wuce maƙoshi da daɗi ba.

Ranar Sallah aka duba filin idi, ba Madugu. Aka kira waya, ta yi ta ringi. Can ya ɗauka, murya kamar ta wanda ke cikin rijiya.

"Alhaji... ku tafi kawai... bayana ne ya riƙe. Ko juyi ba na iyawa. Ku yafe ni. Ku gaishe min da masu kwakwa."

Ya kashe waya, ya yi hamdala, ya miƙe ya ɗora shayi.

Abin da ya manta shi ne, Bahaushe ba ya jin ciwon ɗan'uwa ya wuce bai yi dubiya ba. Ruwan shayi bai tafasa ba sai ya ji hon. Ya leƙa taga. Ga farar bas a ƙofar gidan ma'aikata, ga mutum goma sha uku suna fitowa cikin shadda da leshi, wasu da lema, wasu da bargo, Mahamadou har da takalmin roba na damina.

Ya yi tsalle ɗaya ya faɗa gado, ya cusa fasfonsa ƙarƙashin filo, ya ja mayafi.

Suka cika ɗakin maƙil. Abokan kwanansa 'yan Pakistan suka haye gadajen sama suna kallo.

"Sannu Madugu."

"Wash... yauwa."

"Ina ne wajen?"

"Nan... da nan... har nan."

Alhaji Ɗantani ya yi masa tofi, ya juya ga jama'a. "Wannan zafin ƙasar nan ne ya taru masa a baya. Jikinsa ya saba da iskar Salala. Maganinsa yana can. Ku ɗauke shi."

"Alhaji, awa goma sha huɗu ce fa a mota!"

"Kujerar baya taka ce kai kaɗai. Ka miƙe abinka, kana nuna hanya da yatsa."

"To ai... fasfona ma ya ɓace. Tun jiya nake nema."

"Innalillahi!" in ji Hajiya Uwa. "A tayar da shi zaune tukuna, ya sha kunu, sai a duba." Ta ja filo za ta jingina masa. Fasfo ya faɗo ƙasa, tim.

"Allahu Akbar! Kun ga tafiyar da Allah Ya yi!"

Ƙarti huɗu suka kama gefen mayafi, suka sauko da shi bene uku yana salati na gaske. Duk ma'aikatan gidan suka fito baranda. Ga hutu, ga kallo kyauta.

Direban bas ɗin wani dattijon Ba'omane ne, haifaffen Salala, yana tsaye a bakin ƙofa yana karɓar fasfo ɗaya bayan ɗaya, yana duba takardar zaman kowa kafin a tashi, kada a je boda a sha kunya. Aka dire Madugu a gabansa. Alhaji ya ce wa Musbahu, "Gaya masa wannan ɗan garinsu ne. Sau bakwai."

"Banda wanda ya je ya dawo a ranar," in ji Mahamadou.

Musbahu ya fassara. Direba ya washe baki. "Masha Allah! Habibi!" Ya rungume Madugu, ya yi ta zuba masa Larabci.

"Yana tambaya a wace unguwa kake sauka," in ji Musbahu.

"Ce masa... wajen masallacin nan."

"Ya ce wanne?"

"Mai hasumiya."

Direba ya dube shi sama da ƙasa. Ya karɓi fasfo daga hannun Hajiya, ya lashi yatsa, ya fara buɗawa. Hatimin fita daga Kano. Hatimin shiga Dubai. Takardar zama. Ya buɗa na gaba, fari. Na gaba, fari. Ya ɗaga shi sama yana kaɗa shafukan a gaban kowa, fari fat har bango, kamar sabon littafin ɗan aji ɗaya. Ya ce wani abu a hankali.

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

Musbahu ya yi gyaran murya. "Ya ce fasfon nan ko ƙurar Oman bai taɓa shaƙa ba."

"A tsohon fasfona suke!" in ji Madugu.

Musbahu ya leƙa. "Wannan shekararsa huɗu da wata takwas. Da shi ka zo."

Lemar wani ta rufe da kanta. Har 'yan baranda, da ba sa jin Hausa, sun gane an zo wajen. Hajiya Uwa ta riƙe ƙugu tana lissafa tsokokinta da ido. Alhaji Ɗantani ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

"Malam, tsakaninka da Allah. Shiga bakwai, fita bakwai. Ina hatimi goma sha huɗu?"

Mutumin naka ya miƙe tsaye cak, ya manta da ciwon baya. Ya karkaɗe riga, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Haba Alhaji, da girmanka. Hatimi ai na baƙi ne. Wa zai tsaya buga wa ɗan gida?"