Malam Barau da Masoyinsa

Muna da wani zaure a WhatsApp, mu goma sha bakwai, inda muke haɗa tarihin unguwarmu, kowa ya kawo abin da ya ji a bakin tsofaffin gidansu. Shugabanmu Malam Barau ne, tsohon hedimasta, mutumin da ba ya iya cewa "barka da asuba" sai muryar ta kai minti tara. Kullum da gyaran murya yake farawa: "Ehem, ehem! To jama'a, ni aƙidata a rayuwa, komai a faifai. Ba ɓoye suna, ba goge saƙo. Wanda ya yi kuskure ya fito ya yi muryar tuba a gaban kowa." Har Inna Tasalla mai ƙosai, da ta isa ta haife shi, sai da ya sa ta tuba don ta goge hoton akuyarta da ta turo bisa kuskure. Mutum ɗaya dokar ba ta taɓa hawa kansa ba, wani wai shi Masoyin Gaskiya. Ba hoto, ba murya, ba wanda ya san gidansu. Aikinsa ɗaya, da Malam ya yi tari zai rubuto: "Allah ya ƙara basira, Shugaba!" Bara ma da ƙuri'arsa Malam ya tsira da kujerarsa, tara da takwas.

Ana gobe sabon zaɓe, Masoyin Gaskiya ya zubo yabo shafi guda. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga murya ta shigo, daga lambar shi Masoyin. Muka yi rububin buɗewa, yau dai za mu ji muryar bawan Allah.

"Ehem, ehem! To jama'a, ni Barau, wannan yabo ya sa ni ƙwalla. Masoyin Gaskiya, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, amma Allah ya haɗa fuskokinmu."

Ashe wayoyin biyu ne a kan tabarma, hannu ya ɗauki wadda ba ita ba. Nan take saƙon ya ɓace, sai gurbinsa. Ina! Inna Tasalla ta riga ta adana, ta sake turo shi har sau uku.

"Malam," in ji ta, "ga abinka ya faɗi, na tsinto maka. Ka ce ba a gogewa."

Muna ta ganin alamar yana ɗaukar murya, ya fasa, ya sake. Can ya dawo ta lambarsa ta gaskiya, yau ko gyaran muryar babu: "Jama'a, a yi mini adalci. Baƙunta ya kawo mini, na ari wayarsa."

Inna Tasalla ta ce, "Wanda ba ka taɓa gani ba? Kai, wannan addu'a da saurin karɓuwa take!"

"Inna, bar wannan maganar!" Malam ya harzuƙa. "Na gano mutumin nan munafuki ne, so yake ya zubar mini da mutunci. Yanzun nan zan fitar da shi daga zauren nan, ba ni ba shi har abada!"

Inna Tasalla ta ce, "A'a, Barau, bar shi ya kwana. In ka kore shi yau, wa zai zaɓe ka gobe?"